Ranar da Tabawa Ta Kira Sunan Ɗan Farinta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, 14 ga Yuli, 1993, Allah Ya karɓi ran Yaya Tabawa ta Aliero, uwar mijin ɗiyata Sakina, a asibiti a Sakkwato. Labarin ya iske ni Maiyama ina tankaɗe. Na ajiye rariya, ban koma kanta ba ranar.

Yaya, mijinki Malam Attahiru ke ɗori, amma ke ce mai jinya. Duk karyayyen da aka sauke a zaurenku ya sha kununki, ba ki tambayi garinsu ba balle danginsa. Na tuna lokacin da Sakina tana amarya ta ƙona tuwo, ni kuwa na zo ganin ɗaki. Na ja ta gefe zan yi mata faɗan da na saba. Kika jawo tukunyar gabanki kika ce, "Innar Sakina, bar mini ɗiyata. Ni dama ƙanzo nike so." Kika cinye shi tas, alhali haƙoranki ba su da ƙarfi.

Wannan kawaici naki shi ya raine mu, shi kuma ya cuce ki. Bayan haila ta daɗe da ɗauke miki, jini ya dawo. Kika aika a tambayi malamin unguwa hukuncin salla. Ya ce jinin ciwo ne, ki sake alwala ki yi sallarki. Daidai ya faɗa. Amma ke da kika ji salla ta halatta sai hankalinki ya kwanta, kamar kalmar ciwo ba ta cikin amsar.

Ga Lawali, ɗanki na fari, mijin Sakina, da motar haya a tashar Jega, kullum yana ɗaukar marasa lafiyar wasu. Ke kuwa ba ki faɗin sunansa, ba ki haɗa ido da shi. Da Sakina ta gane daga wankin zannuwanki ta roƙe ki ki gaya masa, cewa kika yi, "Ta ƙaƙa zan gaya ma wancan yaro zancen zane?" Kika hana ta faɗa. Sai bayan an kwashe albasa, kin rame, mara ta hana ki tsayuwa, ta karya umarninki ta gaya masa, ya kai ki asibiti. Ban taɓa koya wa ɗiyata saɓa wa babba ba, amma ranar na sa mata albarka. Likita ya ce ciwon daji ne, ya fara a bangon cikin mahaifa, ya riga ya yaɗu. Ya ce da an zo tun farkon jinin, da cire mahaifar na iya wadatarwa.

Mata, da ku nake, musamman sa'o'ina. Kunyar ɗan fari ado ce, ni ma ina yin ta. Amma ba a saukar da ita a Littafi ba, rai kuwa amana ne. Jinin da ya dawo bayan ɗaukewar haila na likita ne. Ku tambayi malam, sannan ku shiga mota.

Lawali, kana ta cewa laifinka ne. Ka daina. Ba a tuhumar mutum da abin da aka ɓoye masa. Ina wurin a asibiti ranar Litinin, kana tsaye bakin ƙofa kamar baƙo, ta ɗaga hannu ta ce, "Lawali, matso kusa." Ka waiga baya kana neman wanda ake kira. Wanda ke da laifi ba a kiransa da wannan murya.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya sa jinyarki ta zama kaffara, Ya shayar da ke kamar yadda kika shayar da baƙi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Attahiru, da Sakina, da dangi na Aliero da Jega. Kai kuma Lawali, Allah Ya ba ka haƙuri, Ya sa ta sake kiranka a Aljanna, ka amsa ba tare da waiwaye ba. Amin.