Littattafai Bakwai na Jaji Mai Ƙofar Ruwa

Duk wanda ya yi noman rani a wajen Bunkure ya san Malam Jaji. Shekara talatin da ɗoriya yana murɗa ƙarfen ƙofar ruwa safe da yamma, yana sakar wa gonakin shinkafa da tumatir rabonsu. Bai wuce firamare ba, amma Allah ya jarabce shi da son ƙananan kalmomin Turanci.

Tun yana lebura wajen injiniyoyin da suka haƙa magudanan ruwa abin ya kama shi. Ya lura dogayen kalmomi ba su da rigima, kowacce da aikinta guda. Ƙananan su ne 'yan duniya. Ɗauki "run": yaro ya ruga, ita ce; ruwa ya gudana, ita ce; inji ya tashi yana aiki, ita ce; mutum yana tafiyar da shago, har ila yau ita. Haka "set", haka "get". Jaji ya sayi littafin rubutu ya shiga farautarsu. Da ya tsinci sabuwar ma'ana a rediyo ko a bakin malamin gona, sai ya lashi fensir ya rubuta da Hausa, ya kawo misali daga gona. 'Yan majalisarsu suka laƙaba masa Baturen Bunkure. Matarsa Indo kuwa cewa take da ana miya da kalmomi, da tuwon gidansu ya yi suna har Madobi.

Littafi ɗaya ya zama bakwai. Burinsa guda ne, bai kuma ɓoye wa kowa ba: a buga aikin nan da sunansa a bango, 'ya'yan manoma su karanta.

Zaharaddini ɗan ƙanwarsa ne. A gidan Jaji ya tashi, a littattafan nan ya fara tauna Turanci, har ya zama malami a wata kwaleji a Kano. Wata ƙaramar Sallah ya zo gaisuwa, ya durƙusa har ƙasa.

"Kawu, wannan aiki bai kamata gara ta cinye shi a akwati ba. Ba ni in kai a buga maka."

Jaji ya naɗe littattafan a leda biyu saboda damina, ya raka shi har bakin titi. Shekara biyu, duk sanda ya kira, amsar ɗaya ce: "Ana kai, Kawu."

Ran nan sai ga katin gayyata daga Zaharaddini, za a ƙaddamar da littafi a Kura. Jaji bai tsaya karanta ƙananan rubutun ba. Ya ɗinka sabuwar shadda, ya ɗauki shatar adaidaita sahu, ya kwashi abokansa uku. Tun daga gida har Kura bakinsa bai rufu ba.

Ga sababbin littattafan da aka buga jibge a kan tebur a ƙofar zauren taron. Ya goge hannu a riga ya ɗauki ɗaya. Sunan Zaharaddini ne a bango, da jerin digirorinsa, da hotonsa cikin kwat. Jaji ya buɗe ciki. Maganarsa ce tsaf, ko wasali ba a canza ba. Har misalin nan na ruwa ya gudana zuwa gonar Ɗanbaba yana nan, Ɗanbaba maƙwabcinsa da ya rasu tun Zaharaddini yana sakandare. Ya duba shafin godiya. An gode wa matar marubuci, an gode wa shugaban sashe, an gode wa wadda ta buga a kwamfuta. Ya bi da yatsa sau biyu, babu Jaji.

Ya zauna a kujerar baya, yana jin manya suna yabon binciken shekara goma da aka ce Zaharaddini ya yi. Abokansa suka sunkuyar da kai, wannan ma ya fi masa ciwo da a ce sun yi dariya. An ci amanarsa, kuma wanda ya ci, da hannunsa ya riƙo shi ya kai shi makaranta.

Da aka tashi, Jaji ya tare Zaharaddini a bakin mota.

"Ɗan nan, ina littattafaina?"

"Tsofaffin nan? Ai Kawu masu maɗaba'a sun zubar, tunda an buga."

Kafin Jaji ya sami bakin magana, Zaharaddini ya zaro sabon kwafi, ya ɗora a kan mota ya yi rubutu, ya miƙa masa da hannu biyu, mutane na ɗaukar hoto. Jaji ya buɗe shafin farko ya karanta a hankali, leɓensa na motsi: "Kyauta ga kawuna, daga marubucin."