Wuta-wuta a Gonar Malam Ilu

Malam Ilu na Kutawa mutum ne da bai iya zubar da komai ba. Kara, ƙaiƙayi, tokar murhu, har ciyawar da ya nome, duk sai ya kwaso ya jibge a jujin bayan gida su ruɓe su zama taki. Haka ya ga mahaifinsa na yi. Matarsa Batula kan ce da ana cin tsakuwa, da tuni ya cika musu rumbu.

Da 'yan bindiga suka hana shi zuwa babbar gonarsa ta bakin daji, sai ya koma wani ɗan fili a gindin dutse, inda aka taɓa kwasar ƙasa don aikin hanya. Wuri ne tsirara, ja wur, ko akuya ba ta tsayawa. Shi kaɗai ya rage masa, ga baki bakwai na jiran dawar da zai ba da.

Daminar farko wuta-wuta ta fito jefi-jefi, 'yar ciyawa mai fure ruwan hoda, kyakkyawa kamar ba ita ke tsotse saiwar dawa ba. Maƙwabta suka ce ya tuge ya ƙone. Ina! Ilu ya ƙone abin da zai zama taki? Sai da ta yi 'ya'ya ya tuge, ya kai juji. Da bazara ya yi ta jigila da jaki yana watsa wa gonar takin, ba lungun da ya tsallake. Wallahi na ga wahalar bawan Allahn nan, har yau abin na cin raina.

Damina ta biyu gonar ta rufe da fure kaf, har masu wucewa kan babur ke tsayawa ɗaukar hoto. Dawa kuwa ko gwiwa ba ta wuce ba. Dami biyu ya ɗaure.

Ranar kasuwa ya je Dutsin-Ma wurin malamin gona. Malamin ya ce kowane tushe dubban iri yake zubarwa, su kwanta a ƙasa suna jiran dawa ko gero.

“Malam, shekara nawa suke yi kafin su mutu?”

“Baba, sai haƙuri. Sha biyar, wani lokaci ashirin.”

Ilu ya haura saba'in. Ya yi godiya, ya saka takalmansa ya fito. A gida Batula ta tare shi tun daga zaure, tana tambayar ko akwai magani. Ya ce mata gonar za ta warke, sai dai ba a idonsu ba.