Ranar da Aka Fasa Sabar Yaya Usman

Bana shekara shida da rasuwar yayana Usman. Masu zuwa ta'aziyya a lokacin sun yi ta cewa mutum ne mai haƙuri. Allah ya yafe musu, ba su san shi ba. Yaya zuciya gare shi kamar wutar gas, ni kuwa ƙanwarsa ce ciki ɗaya, ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. Da hannuna na wanke jininsa da na maƙwabcinmu a matakalar gidanmu na unguwar Ammariyya a Jidda.

Gyaran kwamfuta yake yi a wani ofis a Bagdadiyya, amma abin da ya ɗauki ransa daban ne. Bin tsofaffinmu yake yi, waɗanda aka taho da su hajji da ƙafa daga Kano da Damagaram suka zauna, yana naɗar muryarsu: ta ina aka biyo, wa ya mutu a hanya, wa aka haifa a Sudan. Ya buɗe shafin intanet ya zuba su, ya kuma ƙi yarda wani kamfani ya riƙe masa. Tsohuwar kwamfuta ya ajiye a ɗakinsa, kullum a kunne, duk wanda ya shiga shafin daga ko'ina ita ke miƙa masa muryar. Irinta ake kira saba.

Da masu sauraro suka yi yawa sai ta fara gazawa, murya ta riƙa yankewa. Yaya ya samo wata ƙatuwar saba da wani ofis ya daina amfani da ita, maza biyu suka hau da ita suna nishi. Sauri kam tana da shi. Sai dai ƙararta ta hana mu jin kiran salla, ga zafin da take hurowa, ga shan wuta. Gidan kuwa tsoho ne, layi ɗaya muke sha da mutanen da ke ƙasan benen. Da rana ta take, kowa ya kunna mukayyif ɗinsa, wato na'urar sanyaya ɗaki, sai babban makunnin gidan ya faɗi.

A ƙasan akwai Haruna direba da mahaifinsa Ammu Idi, tsohon da huhunsa ya gaji, yana numfashi da injin iska mai aiki da wuta. Haruna ya hau ya yi magana, ya sake hawa. Kada in zalunci Yaya, ya yi ƙoƙari. Ya rage wa sabar gudu, ya kashe mukayyif ɗin ɗakinsa ya zauna cikin gumi a tsakiyar zafin Jidda. Tsohuwar kwamfutar ma, wadda ke riƙe da kwafi na biyu na muryoyin, ya kashe ta don rage cin wuta, ya ciro faifanta ya saka a cikin sabuwar. Asali da kwafi suka koma akwati ɗaya. Kashe sabar dai gaba ɗaya ne ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai yi ba.

Wata Asabar bayan azahar wutar ta sake faɗuwa, makunnin ya ƙi tashi. Muka ji matar Haruna tana salati. Sai ga Haruna a ƙofarmu da ƙarfen cire taya.

"Baba na shure-shure a ƙasa," ya ce. "Halas, shi ke nan, yau sai dai ni ko ita."

Yaya ya tare ƙofar ɗakin. Bugun farko a hannunsa ya sauka, na ji ƙashin ya ce ƙas. Da ɗaya hannun ya naushi Haruna a baki, haƙora suka zubo a kan tabarma. Suka kama juna suka gangara matakala, kan Yaya ya fashe a gefen dutse. Haruna ya tashi jini na bin gemunsa, ya koma sama ya hau sabar da duka, yana bugu yana kuka, har fayafayan suka lanƙwashe. Ni ina rataye a bayansa ina cizonsa, bai ma san ina yi ba. Maƙwabta suka ɗauke tsohon zuwa asibiti, Allah ya yi da sauran kwana. 'Yan sanda kuwa ba wanda ya kira, don dukansu biyu a kan iƙama suke, wato takardar zaman baƙi, rigima irin wannan tana iya sa a mayar da mutum ƙasar da bai taɓa gani ba.

Har yau in na tuna ina jin haushinsu su biyun, na Yaya ya fi. Yanzu ɗana na nuna mini saba wadda ba ta wuce tafin hannu ba, wutarta ba ta kai ta fanka ba. Irinta Yaya ya koma wa daga baya, da hannunsa a ɗaure, yana bin mutane yana roƙon abin da suka taɓa saukewa a wayoyinsu. Ya samu wasu, da yawa sun tafi ke nan. Da yana raye ya ga yadda yaranmu ke ajiye komai a hannun kamfanoni, na san tsaki zai yi, ya ce ranar da aka rufe musu ƙofa za su gane. Ko zai yarda shi ma ya yi ganganci, wannan ban sani ba.

Fiye da shekara ba su gaisa ba, har Ammu Idi ya rasu. Bayan an share makoki Haruna ya hau, ya tsaya a ƙofa bai shigo ba.

"Usman, an ce ka taɓa naɗar Baba."

"Na naɗa," in ji Yaya. "Tana cikin waɗanda ka fasa."

Na zaci wani sabon jinin za mu wanke. Haruna ya zauna daɓas a ƙasa. Yaya ya zauna kusa da shi ya fara ba shi labarin kamar yadda tsohon ya bayar, don ya saurare shi sau da yawa wajen gyara. Yadda aka goyo shi daga Damagaram, yadda uwarsa ta rasu kafin su kai teku, har da irin tarin da yake yi in ya zo wannan wurin a labarin. Haruna ya rufe fuska da rigarsa.

Ƙaramar sabar tana nan tana aiki a gidana, mutane na shiga suna jin kakanninsu, ladan Allah ya kai wa Yaya kabari. Amma duk cikin muryoyin nan babu ta Yaya, bai taɓa juya makirufo ya naɗi kansa ba. Labarin Ammu Idi ma ba ya ciki. Duk shekara a irin wannan wata Haruna yakan zo gidana, ya tara yaranmu da nasa, ya ba su shi da giɓin haƙoransa, kuma kafin ya fara sai ya ce, "Daga bakin Usman na ji."