Ruwan da Ya Ɓullo Ta Ƙasa a Huangpu

Guguwa ta ci mini dila tara na yadi a Guangzhou. Ni na fita da raina.

Mun tashi da asuba daga masauki a Baiyun, ni da wani mutumin Maraɗi da muka haɗa kwantena ɗaya. Muka sha shayi a tsaye, muka kama hanyar Huangpu, inda kayanmu ke jiran lodi a wani sito na bakin kogi. Titi sumul, gada kan gada. Sama tas, zafi kamar cikin tukunya.

Tun daren jiya ake cewa guguwa na tahowa daga teku, amma ƙarama ce. Ban yi boko ba, amma na san hadari. Na duba gabas, babu baƙi ko kaɗan.

Mai siton tsoho ne, a jirgin ruwa ya yi ƙuruciyarsa. Ya ɗaure tsumma a kan sanda, a bango kuma akwai wani abu kamar agogo mai auna nauyin iska. Duk bayan awa sai ya duba allurar agogon, ya duba tsumman, ya buga wa mutanensa na bakin teku waya su faɗa masa ta ina iska ke bugunsu. Sannan ya matsar da murfin kwalba a kan taswira. Murfin shi ne guguwar.

Na ce, "Lawban, lodi fa?" Lawban shi ne maigida a yarensu.

Ya ce, "Meyo." Wato babu, an rufe tashar.

Ya nuna mana mu kwashe kaya daga ƙasa mu hau da su bene. Mutumin Maraɗi ya fara ɗauka. Ni na ja tamfol na rufe nawa, yadda muke yi a Kantin Kwari.

Ya ce, "Alhaji, bi tsohon nan. Ƙasarsu ce."

Na ce, "Malam, ka ga hadari? Rufin ma ba ya yoyo."

Bayan azahar allura ta yi ƙasa. Tsumman da ke nuna kudu tun safe ya juya yamma, sannan arewa. Tsoho ya tura murfin yamma da bakin kogi, ya kashe tabarsa. Iskar ba ta kai ta cire kwano ba, amma yanzu teku take turowa cikin kogi. A fuskarsa na fara ganin tsoro, sai nawa ya zo.

Ruwan ta magudana ya ɓullo, baƙi, mai wari. Kafin mu kai dila biyar sama ya kai gwiwa. Aka ɗauke wuta. Na koma ɗauko ta shida, ruwa ya kai ƙugu, yana jan ƙafafuna. Ban iya iyo ba. Na rungume dilar ina salati, na kasa gaba na kasa baya.

Mutumin Maraɗi ya cafki wuyan rigata. "Sake shi, Alhaji! Yadi ne!"

Na saki.

Muka zauna a bene har la'asar sakaliya. Tsoho ya ba mu ruwan zafi, bai ce mini komai ba. Da ma a ce ya zage ni.

Bayan kwana uku aka yi lodin abin da ya tsira, na hau jirgi. Abin da na koyo kaɗan ne: sanin da na kai can na garinmu ne, kuma a can ya kusa kashe ni.

Yanzu ina Kano, a shagona. Rabin kanta babu kaya.