Ɗan filon accan Yaya Saratu

Wannan watan Yaya Saratu ke cika shekara bakwai da komawa ga Ubangiji. Ni ba marubuciya ba ce, tela ce, almakashi na sani. Abin da ya sa na ɗauki biro bana wata mata ce da ta shigo shagona a Sabon Tasha makon jiya, shago cike da masu jiran ɗinki. Ta gaisa, sannan ta ce, "Mama Ladi, an cire mini nono ɗaya, an ce ke kike ɗinka abin sawa." Ko rage murya ba ta yi ba, kamar mai tambayar zare. Na auna ta, ta tafi, na zauna a gaban keken ɗinki na kasa taka shi, ina ta murmushi ni kaɗai. Da Yaya tana nan, na san abin da za ta ce: "Kin gani ko? Ke da sai kin rufe taga kafin ki ɗauko tef ɗin awo."

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da ita, kuma ita ta kawo ni Kaduna daga ƙauye. Mijinta ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya tilo, Rifkatu. Da hatsi ta riƙe yarinyar, tana sayar da acca da dawa da wake a kasuwa. Mace ce mai fara'a da tsokana, amma in ta kafe a kan abu, gara ka je ka ture dutse.

Rifkatu tana sakandare Yaya ta ji ƙullutu a nononta na hagu. Aka ce ciwon daji ne. Aka yi mata aiki aka cire nonon, aka bi da alluran nan masu zubar da gashi, ta sha wuyar da ba na son tunawa. Ubangiji ya tashe ta. Mutane kuwa muka ce musu taifot ne ya yi mata mugun kamu, ɗankwali ya rufa mana asirin kai. Mu uku kaɗai, ni da ita da Rifkatu, muka san gaskiya, kuma ba kunya ce ta sa muka yi shiru ba. A wurinmu, in aka ce gidan su wance akwai daji, to an gama da 'yan matan gidan. Masu binciken aure ba likita suke tambaya ba, maƙwabta suke tambaya. Yaya ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, za ta riƙe maganar har ta ga Rifkatu a ɗakin mijinta.

Saura rufin asirin ƙirji, wannan kuwa aikina ne. Na fara ɗinka mata ɗan filo na auduga da za ta riƙa sawa a rigar mama. Auduga ba nauyi, wata Lahadi ana tsakiyar rawar godiya a coci ya hauro mata har wuya. Na gwada soso, zafi ya ishe ta. Ita da kanta ta ɗebo acca a buhunta ta ce in zuba. Acca kuwa ta yi daidai, tana da nauyi, tana kwanciya yadda jiki ke kwanciya. In ta sha gumi in farke in zuba sabuwa, in watsa wa kaji tsohuwar. Duk sanda za mu yi tafiya sai ta dafa ƙirji ta ce, "Ladi, kada ki damu, in yunwa ta kama mu a hanya akwai guzuri."

Haka muka yi shekaru. Rifkatu ta gama makaranta, ta sami aikin koyarwa, wani saurayi mai suna Bitrus, wanda iyayensa ke zaune a Trikania, ya fito neman aurenta. Ana cikin wannan ne wata matashiyar likita daga asibitin da aka yi wa Yaya magani ta kira ta. Na raka ta. Likitar ta ce suna wani bincike ne a kan waɗanda suka warke daga daji kuma bai dawo musu ba. Suna so su duba sojojin jikinsu, su ga me suka iya wanda na wasu ba su iya ba, ko a samu hanyar haɗa sabon magani. Abin da ake nema ɗan jini ne jefi-jefi, da amsa tambayoyi. Ba ta yi mana daɗin baki ba. Ta ce Yaya ba za ta ƙaru da komai a jikinta ba, aikin zai iya ɗaukar shekaru, zai iya ƙarewa ma ba a samo komai ba, kuma duk ranar da ta ga dama tana iya fasawa.

Ni dai na ji abin banbaraƙwai. A ɗebi jininka, ba magani, ba tabbas? Yaya kuwa dariya ta yi. Ta ce, "Dokta, ai wannan gayya ce. A garinmu in an kira gayya, ka ɗauki fartanyarka ka je gonar wani, ka yi noma, ka sha kunu, ka dawo. Ba ka tambayar rabonka a rumbu." Nan take ta yarda.

Na roƙe ta ta bari sai bayan biki, ta ce ai an yi alkawarin ba za a faɗi sunanta ba. Likitar ta cika alkawarinta, amma ɗakin ɗaukar jinin yana jikin sashen masu daji, kuma zancen duniya ba ya ɓuya. Wata ta hango ta zaune a benci. Ba a jima ba sai ga Gwaggo Naomi, ƙanwar mahaifin Bitrus, wadda aka ɗora wa binciken gidanmu, ta shigo shagona da atamfa wai ɗinki ta kawo. Ina auna ta tana auna ni. "Ita yayar taki lafiya kuwa? An ce ana ganinta a wancan sashen." Na ce dubiya take zuwa. Ta ce, "To, Allah ya ba mai jikin lafiya," da irin muryar da ta nuna ba ta saya ba.

Da yamma na gaya wa Yaya, na ce ta daina zuwa, maganar za ta mutu da kanta. Sai ta ba ni labarin wata yarinya mai goyo da ta gani a sashen, an kawo ta bayan ciwo ya ci ƙirjinta. Yarinyar ta ce ta ƙi zuwa asibiti ne da wuri domin ba ta taɓa ganin wadda aka yi wa aikin ta rayu ba. Yaya ta ce, "Ina zaune kusa da ita, Ladi, da acca a ƙirjina, ban ce uffan ba." Likitar ma ta gaya mata babbar wahalarsu ita ce samun waɗanda suka warke, domin da zarar mace ta tashi sai ta ɓace, har lambar waya take canzawa. Yaya ta san dalili. Kowacce tana da Rifkatunta a gida.

Ba ta yi gaban kanta ba, sai da ta zauna da 'yarta. Ban san duk abin da suka faɗa ba. Na dai ga Rifkatu ta fito ido jawur, ta ce mini, "Anti, na ce ta yi. In don wannan zai fasa, gara ya fasa yanzu."

Ranar taron zumuntar mata, da aka zo lokacin ba da shaida, Yaya ta miƙe cikin kayan zumuntar da na ɗinka mata. Ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta sa hannu a riga, ta zaro ɗan filon nan, ta ajiye shi a kan teburin shugaba kusa da farantin baiko. Rigar ta kwanta a gefe ɗaya. Ta ce, "Ba taifot na yi ba, daji na yi, kuma ga ni. Duk mai ƙullutu ta je asibiti. Duk wadda ta warke kamar ni, an kira gayya, ta zo mu tafi." Ni kuwa ji na yi kamar ni aka tuɓe, ɗinkina ne a kan teburin, har ina hango inda zare ya ɗan karkace.

Kada mai karatu ya zaci tafi aka yi aka rungume ta komai ya wuce. Kafin Lahadi saƙo ya zo daga Trikania cewa a dakata da maganar sa rana. Watannin da suka biyo baya su ne mafi nauyi da na gani a gidan. Yaya da ta sha alluran daji ba ta yi kuka a gabana ba, a kan wannan ta yi. Takan ce, "Na je gayya da gonar 'yata." Duk da haka ranar ba da jini da aka sa mata ba ta taɓa wuce ta ba, za ta ɗaura zani ta hau keke napep ta tafi.

Bitrus ne ya warware ƙullin. Ya ɗauki Rifkatu suka je wurin likitar, ya yi tambayoyinsa. Aka gaya masa gaskiya, cewa akwai dajin da ke bin jini, amma mafi yawa ba gado ba ne, abin da ya dace shi ne Rifkatu ta riƙa zuwa ana duba ta. Ya koma ya gaya wa mahaifinsa cewa matar da ta san inda za a duba ta, ta fi masa wadda ba ta sani ba. An ja, an ja, daga ƙarshe aka ɗaura aure bayan shekara ta zagayo. Gwaggo Naomi ba ta zo ba. Har yau in ta wuce ta gaban shagona kai take kawarwa, ni ma ban ga abin da ya ragu a jikina ba.

Abin da ban zata ba shi ne abin da ya faru a shagon. Da tsakar rana, lokacin da kasuwa ta yi sanyi, sai mace ta shigo, ta yi ta juya yadi har kowa ya fita, sannan ta ce a hankali, "Irin na Maman Rifkatu nake so." Wata da muka yi shekaru muna waƙa tare a ƙungiyar mawaƙan coci, ashe tsumma take cusawa. Wata Hajiya tun daga Tudun Wada, mai sayen acca a wurin Yaya, ita ma ta zo. Wasu suka bi Yaya gayya, wasu filon kawai suke so, kuma ba ta taɓa matsa wa kowa ba. In sun dawo daga ba da jini takan dafa musu gwaten acca, wai mai gayya ba ya barin manoma da yunwa. Ita ma ta ci gaba da sa nata in za ta kasuwa, amma ta ce yanzu don riga ta zauna ne, ba don ido ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. 'Yan mata suna maganar duba nono a waya ba kunya, a coci ma akan gayyato ma'aikatan jinya su yi bayani. Na san za ta ji daɗi, kuma na san za ta yi mita, domin har yanzu akwai gidajen da ake rufe taga, har yanzu ana kai mata asibiti bayan lokaci ya ƙure. Maganin kuwa, in an tambaye ni ko an samo, amsata ban sani ba. Likitar, wadda yanzu ta zama babba, takan leƙo shagona. Ta ce aikin yana tafiya a hankali, jinin Yaya yana nan a ajiye cikin sanyi tare da na sauran, ana ci gaba da dubawa. Abin yakan ba ni dariya da daɗi a lokaci guda. Mai jini ta huta shekara bakwai, jinin bai tashi daga gona ba.

Ba daji ne ya ɗauke ta ba, hawan jini ne, bayan ta goya jikoki biyu. Ta bar buhunan hatsi da suka ƙare tuntuni, da ɗaki da aka ba wani haya. Abin da bai ƙare ba shi ne matan da ke tafiya a Sabon Tasha da ransu domin sun ga wadda ta rayu, da muryar matar nan ta makon jiya da ba ta ragu ba. Ga kuma Rifkatu a ɗakinta, tana zuwa a duba ta, mijinta ke kai ta.

Ranar da za a sa Yaya a akwati, ni na shirya ta cikin kayan zumuntarta, kamar yadda ake yi wa kowace 'yar zumunta. Hannuna ya saba, sai na ɗauko ɗan filon daga jaka, da sabuwar acca a ciki, domin rigar ta zauna a idon masu zuwa ganin gawa. Rifkatu ta riƙe mini hannu. Ta ce, "A'a, Anti. Ta gama ɓoyo saboda ni." Haka muka kai ta gaban jama'a, riga kwance a gefen hagu, kuma a duk ɗinkin da na yi mata babu wanda ya yi mata kyau kamar wannan.