Godiyar Beljiyam da Ta Daina Gumi

Tsufa ya cinye mini abubuwa da yawa, har sunayen jikokina sai na bi su ɗaya bayan ɗaya kafin in dace da wanda nake kira. Amma ranar da godiyar nan ta durƙushe a bakin lungunmu na Sharafiyya, ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinta ban rage komai ba. Wannan kam tana nan a raina har in koma ga Allah.

Ni haifaffiyar Jidda ce. Kakannina ne suka tako aikin hajji a ƙasa, suka zauna. Maigidana kuwa Bahaushen Sudan ne, ya tsallako teku yana saurayi, yana zaune da iƙama, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin wani kafili, ubangidan da ya tsaya masa, attajirin katako da siminti. Aikinsa tuƙa karo, wato keken da alfadari ke ja, yana kwaso kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa inda ake gini. A farkon shekarun sittin ne, motoci sun fara yawa amma ba su kori karo ba tukuna, don akwai lungunan da mota ba ta iya kutsawa.

Wata shekara kafilin ya je Turai cinikin katako, ya ga wasu dawakai suna jan gungume a daji, abin ya shiga ransa. Mai kuɗi kuwa ba ya sha'awar abu ya bar shi a inda ya gan shi. Da sanyi ya shigo sai ga godiya an sauke daga jirgin ruwa, aka ce maigidana ne zai riƙe ta. Aka yi mata rumfar tabarmi a filin da ke jikin katangar ɗakina.

Na sha ganin dawakai, amma ban taɓa ganin irin wannan halitta ba. Ja ce, gezarta da jelarta fari-fari, wuya kauri, ƙirjinta ya isa ya toshe ƙofar gida. Kofatonta ɗaya ya kai faifai, ga gashi buzu-buzu a ƙafafu. Duk da wannan girma ba ta da faɗa ko kaɗan. Yaran unguwa har ta ƙarƙashin cikinta suke wucewa, ba ta ko ɗaga ƙafa.

Baturen da ya rako ta ya ɗan kwana biyu kafin jirginsa ya juya, shi ke nan maigidana ya zama malamin dawakan Turai. Kullum in na aje masa abinci sai an yi mini karatu.

"Wannan irin Beljiyam ce," in ji shi. "Tana da 'yan uwa a Faransa, yawancinsu kili ne ko baƙi, sun ɗan fi ta sauri. Na Ingila kuma sun fi ta tsawo, gashin ƙafarsu ya fi nata. Duk cikinsu ba wanda aka yi don sukuwa. Tun kakanni ake haɗa ƙato da ƙatuwa, don su ja garma a ƙasa mai laka da sanyi."

Na ce, "Malam, ni ina ruwana da danginta? Ni dai abin da take sha na sani."

Ba wasa nake ba. A Jiddar wancan zamani ruwa saye ake yi gwangwani-gwangwani daga wurin mai ruwa, a zuba a randa, a yi ta lallaɓa shi. Ita kuwa baiwar Allah in ta kafa kai a bokiti, abin da zai ishi gida guda take zuƙewa. Amma ba ruwan ne ya fi damuna ba. Ranar da aka kawo ta, ina bayan ƙofa na ji abin da kafilin ya faɗa wa maigidana: "Amana ce a wuyanka. Tana nan, kana nan." Kowa ya san fassarar wannan magana. In godiyar ta mutu, kafili ya zare hannunsa, iƙama ta faɗi, jirgi ya mayar da mijina Sudan. Ni kuwa ga ni da cikin fari. Tun daga ranar, ko tari dabbar nan ta yi sai gabana ya faɗi.

Lokacin sanyi komai lafiya lau. Kayan da alfadari biyu za su ja suna nishi, ita kaɗai take ja tana kaɗa kai. Sai zafi ya kama, irin zafin Jidda mai laima, wanda ko kana zaune rigarka sai ta manne maka a baya. Godiya ta dinga gumi kamar an kwara mata ruwa, har kumfa take yi a tsakanin cinyoyi. Maigidana ya koma fita da ita da sassafe da kuma bayan la'asar kawai, in sun dawo ya goge ta da buhu, ya jiƙa wani ya shimfiɗa mata a baya. Ni ce mai wankin buhunan, ni ce kuma mai tsine wa warinsu.

Ana cikin tsakiyar zafi, wata rana ta dawo jikinta a bushe. Washegari ma haka. Maigidana ya je ya ɗauko Babana, wanda mahaifinsa barga ya yi wa hidima a ƙasar Hausa kafin ya taho, don haka a unguwarmu in Baba ya yi magana a kan doki ba mai ƙarawa. Ya shafa wuyanta, ya shafa ƙirjinta, ya duba tafin hannunsa, ya yi murmushi.

"Alhamdu lillahi, ta saba," in ji Baba. "Ƙasa ta karɓe ta. Baƙon doki shi ke tsiyaya haka. Ka dubi dawakan Dungula na wajenku, ka dubi na Larabawa, ka taɓa ganin suna wannan fama? A ba ta kanwa, a ƙara mata sha'ir. Halas."

Muka yi ta murna, har da ni, don na huta da wankin buhu. Maigidana ya kai wa kafili albishir, kafili ya ce to madalla, tunda ta saba sai ta fara ɗaukar kayan rana ma.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa. In sun dawo da rana, ta cikin katanga nake jin numfashinta, fuu, fuu, kamar zugazugin maƙeri, kuma ya daɗe bai lafa ba. Na ce, "Malam, wannan hakin fa?" Ya ce babban jiki ai sai babban numfashi. Na bar zancen, don a gidanmu an san ni da fargaba, ko kaza ta yi atishawa sai na ce annoba ce. Amma in ina tuƙa tuwo kunnena yana can jikin katanga.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, rana ta take tsaka. Ina tsugune gaban murhu sai na ji wani rugum a bakin lungu, sannan na ji muryar maigidana, irin muryar da ban taɓa jin ta fito daga bakinsa ba. Na fita ba takalmi, ƙasa na ƙona mini ƙafa ban ma sani ba.

Ga ta nan a durƙushe tsakanin sandunan karo, buhunan siminti sun zube. Hancinta ya buɗe jawur, haƙarƙarinta na sama da ƙasa. Maigidana yana ta yanke igiyoyi da wuƙa, yana cewa, "Tashi mana, yalla, tashi don Allah." Da igiyar ƙarshe ta tsinke sai ta kwanta ta gefe gaba ɗaya. Na kai hannu wuyanta na janye da sauri. Zafi kamar kasko, kuma ko ɗigon laima babu.

Mutane suka taru. Wani na cewa sammu ne, wani na cewa a kawo wuƙa kafin ta zama mushe. Baba ya iso yana dogara sanda, ya ce a lulluɓe ta da bargo, kada wanda ya kuskura ya zuba mata ruwa a kan wannan zafi, sanyi zai shige ta. Har an ruga ɗauko bargon, sai Allah ya jefo wani likitan dabbobi Bamisire da ke duba raguna a tashar jirgi, wanda gidansa ke sabon benen bakin titi. Hanyar cin abincin rana yake. Ya kutso, ya tsuguna, ya shafa ta, ya ɗaga leɓenta.

"Tun yaushe ta daina gumi?" ya tambaya da Larabci.

Maigidana ya ce, "An kwana biyu, ya daktur. Ai ta saba ne."

"Ta saba? Ya sattar! Jikinta ne ya gaji da gumin, ya daina. Wuta take ci daga ciki. Moya, ruwa! Duk ruwan da ke unguwar nan, da ƙanƙara in akwai!"

Na san mai ruwa ba zai zo ba sai gobe. Ban tsaya tunani ba. Da cikina da komai na ruga gida, na dinga kwasowa daga randa har sai da kwanon ya karci gindinta. Sannan na bi ƙofa-ƙofa ina bugawa ina ihu, "Hala, moya! Yaya, ruwa don girman Allah!" Matan da ke auna ruwan alwala da moɗa suka fito da gwangwanaye a ka. Har maƙwabciyata da muka yi wata ba ma gaisawa, kuma a kan ruwan ne muka ɓata, ita ce ta fara kawo tulunta cike. Ba ta ko dube ni ba, ta juye ta koma ɗebo wani.

Maza suka riƙe tabarmi suka yi mata inuwa. Mai sayar da kifi ya kawo ƙanƙara a buhu, aka farfasa ana goga mata a wuya da tsakanin cinyoyi. Likitan yana zuba ruwa yana share shi da gefen hannu, yana sake zubawa, yana ta faɗa. Ya ce dokin Larabawa fatarsa sirara ce, jikinsa kaɗan, iska na taɓa shi ya huce. Wannan kuwa an yi ta ne don ta riƙe ɗumi a ƙasar ƙanƙara, kamar babbar tukunya ce, in ta ɗau zafi ba ta saurin hucewa. Baba yana tsaye yana saurare. Can sai na ga ya warware rawaninsa, ya tsoma a bokiti, ya durƙusa da ƙyar ya ɗora mata a goshi. Yana nan a durƙushe har ƙarshe.

Ba a daɗe ba motar kafili ta tsaya. Ya fito ya tsaya a kanmu, hannu a baya. Ni ban iya kallon fuskarsa ba, takalmansa nake kallo, laka na taruwa a gefensu. Abin da ke cikina yana ta motsi, ni kuwa bakina ba abin da yake iya faɗi sai "Ya Allah, ya Allah." A raina har na hango jirgin da zai tafi da mijina.

Aka kira la'asar, wasu suka je suka yi suka dawo. Ruwa ya kusa ƙarewa. Sai na lura hakin ya fara ja da baya. Ta ɗaga kai, ta sa baki a bokiti ta kurɓa. Ta miƙa ƙafafun gaba, ta zauna jim, ta yunƙura ta koma. Maigidana ya rungume wuyanta yana yi mata magana a kunne. Ta sake yunƙurawa, sai ga ta tsaye, ƙafafu na karkarwa, ruwa na zuba daga jikinta. Mata suka saki guɗa, ni kuwa na zauna daɓas a cikin laka.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Likitan ya ce wa kafili, "Yau ta tsira. In ta zauna a Jidda ba za ta ga ƙarshen zafin nan ba. A kai ta kan dutse, Ɗa'if, inda akwai sanyi. In gumin ya dawo, ta rayu. In bai dawo ba, sai haƙuri."

Kafili ya juyo ya dubi maigidana. "Kai ka ce mini ta saba."

"Ni na faɗa, ya ammi."

"To kai za ka kai ta gonata da ke can. Maganata kuma tana nan yadda na faɗe ta."

Haka aka loda ta a babbar mota, mijina ya bi ta. Aka bar ni da ciki da randuna wayam. Makonnin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Duk motar da ta tsaya a bakin lungu sai na leƙa, duk wanda ya sauko daga Ɗa'if sai na aika a tambaye shi, ba wanda ya san komai. Baba kullum sai ya zo ya zauna a ƙofar ɗakina da carbi, ba ya tayar da zancen doki, ni ma ba na tayarwa.

Wata Juma'a da hantsi ina shara, sai na ji sallama. Ga maigidana, ya rame, ƙura har gira, yana riƙe da wani tsohon buhu a naɗe. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba, ya warware buhun ya kanga mini a hanci. Warin nan ne, wanda na yi watanni ina tsine masa, ga farin gishirin gumi ya bushe a jiki.

"Ta yi gumi," in ji shi.

Na rungume buhun nan mai wari na yi ta kuka, har maƙwabta suka shigo suna zaton rasuwa aka yi.

Godiyar ba ta sake saukowa Jidda ba. A can gonar ta ƙare rayuwarta tana jan garma, aikin da aka yi kakanninta dominsa. Maigidana ya koma wa alfadarinsa, iƙamarsa tana aljihu, kuma yana gida ranar da na haihu.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, na daina yarda da kalmar "ya saba". Mun zauna shekaru muna ganin baƙi suna sauka a garin nan, su yi ta kukan zafi da aiki da kewar gida, wata rana su yi tsit, mu ce madalla, sun saba. Ni tun daga lokacin, mai ƙorafi ba ya ba ni tsoro, don da sauran ƙarfi a jikinsa. Wanda ya daina ne nake tashi in je in taɓa goshinsa. Shekaru da yawa bayan haka, da maigidana ya daina cewa ya gaji, 'ya'yanmu suka ce babansu ya samu sauƙi. Ni kuwa mayafina na ɗauka, na ce a nemo mota a kai shi asibiti.