Kabarin da Aka Bari a Dam

Baba Valdemiro ne mai duba ruwan dam a wani ƙauye na jihar Ceará, a ƙasar Brazil. Kullum da sassafe yakan gangara a kan jakinsa, ya duba sandunan awo da aka kakkafa a gaɓa, ya buga waya ya faɗa wa hukumar ruwa inda ruwan ya tsaya. Da awon nan masana ke gane ko abin da ya rage zai kai mutane damina.

Tsohon ƙauyensu yana ƙarƙashin ruwan. Da aka tashe su don gina dam ɗin, an kwashe ƙasusuwan manya zuwa sabuwar maƙabarta, amma jariran da suka rasu ba baftisma a bayan katangar maƙabarta ake binne su, ba kuma wanda ya waiwaye su. Can aka bar Luzinete, 'yarsa ta fari. Abin na cinsa a rai har ya tsufa.

Sai fari ya zo ya ƙi tafiya. Shanu suka yi ta faɗuwa, ruwan sha sai motar tanki. Hasumiyar tsohon coci ta leƙo, daga baya kan katangar maƙabarta ya fito.

Ran nan Josenilda, injiniyar hukumar ruwa, ta zo daga birni. Ya zuba mata kofi, ya ce, "'Yata, in ba a yi ruwa ba, ina ruwan dam zai tsaya a ƙarshen Maris?"

Ta duba na'urarta, ta ce, "Ƙasa da gindin katangar can, Baba. Sai addu'a."

Ta ɗauka tsoron fari ne ya sa shi tambayar.

Ya sassaƙa ɗan gicciye, ya shafa masa farin fenti, ya ajiye yana jiran ranar da zai kafa shi a kabarin Luzinete. Maƙwabcinsa Genival har tsiya yake masa: "Kai tsoho, kowa na ramewa kai kana ƙiba! Ko kai ke shanye mana dam ɗin?" Ya yi dariya, amma kunya ta kama shi. A taron roƙon ruwa bakinsa na amin, zuciyarsa na cewa a ɗan ƙara jira.

Saura ƙiris ƙasar kabarin ta fito, ranar bikin Waliyyi Yusufu a watan Maris, sai aka tsuge da ruwa. Mata suka fito da tukwane, Genival na rawa cikin taɓo. Da gari ya waye, Valdemiro ya gangara ya tarar ko kan katangar ba a gani.

Ya buga waya ya faɗi awon. Josenilda ta yi ihun murna, sannan ta tambaye shi:

"Baba, kuka kake yi?"

"Yau kowa ma kuka yake, 'yata."